Yadda Ake Jera Kaya da Tsara Allon Shago Don Idon Mai Wucewa Ya Kama

Wanda ya ratso layin 'yan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas da hantsi ba tumatir ɗaya-ɗaya yake gani ba. Ja yake gani a nan, kore a can, tsibi a gaba, duhu a ƙarƙashin rumfa, ga ɗan dako a bayansa yana ce masa ya ba da hanya. Ido haske kawai yake karɓa. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa wannan da wancan ta ce kashi ɗaya ne, ta ware kaya daga bango, ta cike inda ido bai kai ba da abin da ta saba gani. Tana da halayenta a wannan aiki, kuma halayen ɗaya ne ga Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo. Ɗan kasuwar da ya san su zai iya gyara rumfarsa ba tare da ya ƙara ko sisi a jari ba. Ga yadda ake bi, ko gwari kake sayarwa, ko yadi a Balogun, ko tsire a Obalende, ko kayan tireda a Agege.

Mataki na 1: Fara gwada naka idon

Kafin ka taɓa ko kwando ɗaya, samo farar takarda. A hagu ka zana alamar tarawa irin ta lissafi, a dama ka yi baƙin ɗigo kamar ƙwayar wake, tsakaninsu faɗin tafin hannu. Rufe idon hagu, kafa na dama a kan alamar tarawa, ka miƙa takardar nesa, sannan ka riƙa matso da ita a hankali. Akwai inda za ka kai ɗigon ya ɓace ɓat. Ka ƙara matsowa ya dawo. A bayan ƙwayar ido akwai wurin da jijiyar gani ke fita zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wurin ba ya karɓar haske. Wani masani Bafaranshe, Edme Mariotte, ya bayyana shi tun ƙarni na 17. Abin lura shi ne ba rami ka gani a gurbin ɗigon ba, takarda ka gani fara sumul. Ƙwaƙwalwarka ta yi ciko ba ta tambaye ka ba.

Sai gwaji na biyu. Miƙa hannu, ɗaga babban yatsa, ka kalli farcen. Yankin da kake gani tar-tar bai fi faɗin farcen nan da kaɗan ba. Gwada karanta wani rubutu da ke gefe ba tare da ka kawar da ido daga farcen ba, za ka ga ya gagara. Shi ya sa ido ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake sau uku zuwa huɗu a kowace daƙiƙa. Ke nan wanda ya ba rumfarka daƙiƙa uku, kallo goma ko makamancin haka ya yi mata. Duk aikin da ke gaba na yadda ba za ka ɓarnatar da kallo goman nan ba ne.

Wannan ilimi ba jiya ya fara ba. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ya kuma yi dogon bayani cewa gani yana tafiya da kwatantawa da hukuncin da hankali ke yankewa da sauri, har mutum bai san ya yanke ba.

Mataki na 2: Fita ka tsaya inda mai saye yake tsayawa

An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Kai da ke zaune a shagon tun safe har dare ka daina ganinsa. Tsohon kwalin da ke jingine a bakin ƙofa, da kalandar da rana ta cinye, duk sun zama iska a wurinka, amma baƙo su zai fara gani.

Tsallaka hanya, ko ka koma taku ashirin ta inda mutane suka fi fitowa. Ɗauki hoto da wayarka. Sannan ka kanne ido har komai ya yi dishi-dishi, ka lura da abin da ya rage yana fitowa. Idan abin da ya rage shi ne shuɗiyar robar ruwa ko lemar maƙwabcinka, to su ne ke yin talla, ba kayanka ba. Daga nan ka mayar da hoton baƙi da fari a cikin wayar, kusan kowace waya tana yi. Duk abin da ya narke cikin na kusa da shi a wannan hoton, haka yake narkewa ga mai hange daga nesa ko da magariba. Ajiye hoton, za ka neme shi a ƙarshe.

Mataki na 3: Ware kaya daga abin da ke bayansu

A 1915 wani masani ɗan Denmak, Edgar Rubin, ya fitar da zanen da har yau ake nuna wa ɗalibai. Ka kalle shi ka ga farin kofi mai gindi, ka sake kallo ka ga baƙaƙen fuskoki biyu suna kallon juna, kuma ba ka ganin biyun a lokaci guda. Dole ƙwaƙwalwa ta zaɓi wane ne abu, wane ne baya. Idan ka sa ta wahala wajen zaɓen, mai ita ya wuce.

Don haka tumatir ba ya hawa jan tire ko jar leda. Shimfiɗa masa farin buhu mai tsabta ko wani abu mai duhu. Albasa ma kada ta zauna a kan buhun da ya yi kalar ɓawonta. A kanti, bangon da ke bayan kanta ya zama launi ɗaya. Fostocin da kamfanoni ke rabawa kyauta, zaɓi ɗaya ka cire sauran. A allo kuwa, rubutu mai duhu a kan haske, ko mai haske a kan duhu. Dubi danfo: ruwan ɗorawa da baƙin layi, ko daga saman gadar masu tafiya da ƙafa a Oshodi ka hango ta ka san ita ce. Jan rubutu a kan kore ko a kan shuɗi shi ne mafi muni, don a hoton baƙi da fari kusan ɗaya suke, ga shi akwai mutanen da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba a cikinsu.

Mataki na 4: Kasa kaya yadda ƙwaƙwalwa ke kasa su

Nan ne gundarin aikin. Wasu masana uku a Jamus, Max Wertheimer da Wolfgang Köhler da Kurt Koffka, su suka kafa nazarin yadda mutum ke ganin abu a dunƙule kafin ya ga sassansa. A 1923 Wertheimer ya jera ƙa'idojin da ƙwaƙwalwa ke bi wajen haɗa abubuwa rukuni-rukuni. Biyu daga ciki sun ishi ɗan kasuwa: abubuwan da ke kusa da juna ana ɗaukarsu abu ɗaya, masu kama da juna ma haka.

Gwada da murfin kwalba goma sha biyu. Jera su a layi da tazara iri ɗaya, layi ɗaya za ka gani. Matso da su bibbiyu, nan take ka ga tagwaye shida, alhali ba ka ƙara ba ka rage ba. Fili ne ya yi aikin.

Ga yadda za ka yi da shi. Tazarar da ke tsakanin kashi da kashi dole ta fi tazarar da ke cikin kashin. Yatsa huɗu ya isa a kan tebur. Na san zuciyar ɗan kasuwa ba ta son ganin fili, gani take kamar asarar wuri ce, musamman a Legas inda kuɗin rumfa ya fi ƙarfin wasa. Amma teburin da aka cika maƙil ba rata ja ɗaya ne shimfiɗe, mai saye bai san inda na dubu ya ƙare na dubu biyu ya fara ba, sai ya tambaya, kuma da yawa ba sa son tambaya a cikin turmutsitsi.

Kashin kansa kada ya yi yawan da sai an ƙirga. Abu ɗaya zuwa huɗu mutum na sanin adadinsu da kallo ɗaya, daga nan sai ƙirga. Masu kasa huɗu a ƙasa ɗaya a sama sun daɗe da gano haka ba tare da sun shiga aji ba: siffar kashin ita ke faɗin adadinsa.

Sai takardar farashi. Ta fi kusa da nata kashin fiye da na maƙwabci, in ma da hali ta taɓa shi. Duk ranar da ka ji an ce maka, "Malam, wannan kuɗin na wanne ne?" to takardar ta zauna a tsakiya. Kamanni kuma ka yi amfani da shi wajen farashi: duk na kuɗi ɗaya su shiga roba launi ɗaya, girma ɗaya. Ba a kwana biyu masu zuwa kullum sun haddace, su riƙa nuna roba maimakon tambaya. A kantin tireda kuwa sabulu ya bi sabulu, madara ta bi madara. Kada ka jera kaya bisa ranar da suka iso, inda aka samu gurbi a cusa.

Lambobi su ne inda aka fi yin sakaci. Shiga kowane layi ka duba: yankin kwali an rataye da zare, an rubuta lambar akawun da biro, rana ta lanƙwasa gefensa, lamba goma a manne kamar jerin tururuwa, sunan banki a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Mai saye na riƙe da waya a hannu ɗaya, leda a ɗaya, yana kai ido yana dawowa, kowane dawowa sai ya nemi inda ya tsaya. "Alhaji, wannan 1 ne ko 7?" Gyaran ba wuya. Lambar akawun guda 10 ce, raba ta uku, uku, huɗu. Ta waya 11 ce, raba ta huɗu, uku, huɗu. Rubuta da baƙar maka mai kauri a kan farin kati, sunan banki da sunan mai akawun a daf da lambar. Idan akawun biyu gare ka, zagaye kowanne da nasa akwatin, domin abin da layi ya kewaye ƙwaƙwalwa na ɗaukarsa gida ɗaya. Ba don haka ba, wata rana za a haɗa lambar wannan da bankin wancan.

Mataki na 5: Bar abu ɗaya tak ya yi fice

Binciken Anne Treisman da abokin aikinta a 1980 ya nuna cewa abu ɗaya da ya saɓa wa sauran a launi yana faɗo wa ido da kansa, komai yawan sauran. Amma da zarar an cakuɗa launuka da siffofi, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Zaɓi abin da kake so a fara gani yau, sabon kaya ne ko wanda ka karya wa farashi, ka ba shi takarda mai launin da babu irinsa a rumfar. Ɗaya kawai. Ka yi biyar ka koma gidan jiya.

Mataki na 6: Kula da launin da ke maƙwabtaka da launi

Masu yadi, wannan naku ne. A 1824 aka naɗa Michel Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Faris. Aka riƙa kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa bai yi baƙi yadda ya kamata ba. Ya bincika ya tarar rinin lafiya lau, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin ne ke sauya yadda ake ganinsa. A 1839 ya fitar da littafi a kan haka. Taƙaitaccen abin shi ne kowane launi yana tura na kusa da shi zuwa kishiyarsa. Yanko ƙyalle biyu daga yadi ɗaya mai ruwan toka, ɗora ɗaya a kan fari ɗaya a kan baƙi. Za ka rantse ba turmi ɗaya ba ne.

Saboda haka ja yana ƙara ja kusa da kore. Attaruhu ya zauna kusa da koren tattasai ko kabeji, ba kusa da tumatir ba. Farar shadda mai ɗan ratsin madara kada ta kwanta jikin wadda ta fi ta haske, za ta zama kamar ta tsufa a shago. Raba su da mai duhu. Atamfofi masu hayaniyar zane kuma a sa yadi marar zane tsakaninsu, ido ya samu inda zai huta.

Sai fitila. Ƙwaƙwalwa kan yi hasashen irin hasken da ke wurin, ta cire shi, sannan ta yanke launin abu. Yawanci tana dacewa, wani lokaci ta kuskure. A 2015 hoton wata riga ya raba kan mutane a intanet, wasu na cewa shuɗi da baƙi, wasu na cewa fari da ruwan gwal. Rigar shuɗiya ce da baƙi, hasashen hasken ne ya bambanta daga kai zuwa kai. Shi ya sa Hajiya ke cewa, "Alhaji, bari in fita da shi waje in gani." Kada ka ji haushi, ka ce mata bismillah, ka ma riga ta ɗaukar turmin zuwa bakin ƙofa. Ya fi ta kai gida ta dawo maka da shi gobe. Sa ƙwan fitila iri ɗaya a duk shagon, kada rabi fari rabi ja-ja. In kana tallar kaya a WhatsApp, ɗauki hoton da rana a inuwa, ka ajiye farar takarda a gefen yadin don mai kallo ya samu abin aunawa.

Mataki na 7: Daidaita mazubi da abin da ke ciki

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai da abin da ke kewaye yake auna kimar. Joseph Delboeuf, ɗan Beljiyam, ya nuna a 1865 cewa da'ira ɗaya takan yi ƙarama idan an kewaye ta da ƙatuwar da'ira, ta yi girma idan kewayen ya matse ta. Balangun da aka yanka a tsakiyar ƙaton faranti kamar an yi rowa yake, alhali shi ɗin ne zai cika ƙarami. Nemi mazubin da ya yi daidai da awonka.

A nan akwai iyaka. Fito da kaya a ga hakikaninsu daban, ɓoye aibi daban. Cusa takarda a gindin kwando, ko jera manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasa, algus ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Mataki na 8: Rubuta allon

Abu uku ya isa: me kake sayarwa, sunan shago, lambar waya. Abin da kake sayarwa ya fi komai girma, don mai wucewa a cikin danfo ba sunanka yake nema ba. Masu rubutun allo suna da ƙiyasin da suke bi, tsawon harafi inci ɗaya ga kowace ƙafa goma ta nisa. In daga ƙafa arba'in kake so a karanta, inci huɗu ke nan. Baƙaƙe masu sauƙi, ba masu lanƙwashe-lanƙwashe ba. Layukan su fara daga gefe ɗaya, don ido yana son bin miƙaƙƙen layi.

A 1955 Gaetano Kanizsa na Italiya ya zana baƙaƙen da'irori uku, kowace an yanke mata ɓangare, aka jera su suna fuskantar juna. Kowa ya kalla sai ya ga farin alwatika a tsakiya, alhali ba a zana gefensa ba. Wannan cikon yana taimako, shi ya sa ake karanta allon da harafi ɗaya ya goge. Yana kuma cutarwa, don kai da ka san abin da ka ce a rubuta, abin da ke ranka za ka karanta ko da mai fenti ya tsallake harafi. Kafin ka biya shi, kira wanda bai san zancen ba ya karanta da ƙarfi, musamman tunda yawancin allunan Legas da Turanci ake yi. Lambar waya kuwa ba ta cikuwa da hasashe. Karanta ta daga ƙarshe zuwa farko kana kwatantawa, sannan ka sa wani ya kira ta daga jikin allon. Idan babban allo ne mai fuskantar titi, tambayi ƙa'idar hukumar LASAA mai kula da allunan talla a jihar kafin ka kafa.

Mataki na 9: Motsi da hankali

Tun a 1912 Wertheimer ya nuna cewa haske biyu da ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya a kan lokacin da ya dace ana ganinsu kamar haske ɗaya mai tafiya. Fitilun ado masu gudu a shagunan waya ba abin da ke gudu a cikinsu. Gefen ido ba ya karatu amma yana kama motsi, don haka abu ɗaya mai kaɗawa a bakin rumfa yana juyo da kai. Ɗaya dai, kamar yadda aka faɗa a baya.

A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris suka sa mutane kallon bidiyo suna ƙirga sau nawa 'yan wasa suka miƙa wa juna ƙwallo. Wata mata sanye da kayan goggon biri ta ratsa ta tsakiya, kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba. Wanda ya zo neman albasa ba zai ga cittarka ba sai ka ajiye ta inda hannunsa zai bi. Kai ma haka kake: lokacin da wani ya tsare ka da tayi mai zafi ko neman canji, ɗaya gefen teburin ba ya gabanka ko da idonka na buɗe. In kasuwa ta cika, ka ce wa yaronka, "Kai, bar ciniki, tsaya can ka sa ido."

Mataki na 10: Auna abin da ka yi

Koma inda ka tsaya a mataki na biyu, a irin lokacin, ka sake ɗaukar hoto ka haɗa da na farko. Sannan ka samu wanda bai saba zuwa ba, ka ce ya wuce da tafiyarsa ta kullum kada ya tsaya, in ya kai ƙarshen layi ka tambaye shi me ake sayarwa, nawa ne, me ya fara gani. Abin da ya kasa faɗa shi ne aikinka na gobe. Sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka bar shi mako guda, kana rubuta ciniki a littafi, ka kuma kwatanta Asabar da Asabar, ba Asabar da Talata ba. Idan farashi ya motsa a makon saboda motoci ba su iso daga Arewa ba, kada ka lissafa da wannan makon. Bayan damina ka sake ɗaukar hoton baƙi da fari, don ruwan Legas da rana suna cin fenti, kuma ja ya kan riga sauran koɗewa.